Ɗorawar Ɗelu

Danau Kota, Kuala Lumpur
Oktoba

Zuwa ga Kawu Abdulwahidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen Kwarin Taura baki ɗaya. Na san sai ka yi tunani kafin ka gane mai rubutun. Ni ce Sakinatu, 'yar marigayiya Murja, jikar Ɗelu ƙanwar mahaifinka. Sau ɗaya aka taɓa kawo ni garinku ina ƙarama, abin da na riƙe kawai shi ne wani rago da ya kore ni har bayan rumbu kana dariya.

Na ji rasuwar matarka Inna Saudatu a makare ƙwarai. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Da na nemi lambarka aka ce kunnenka ya yi nauyi, ka daina waya. Malamar asibitin garinku, Khaulah, ita ce ta ce in riƙa turo mata wasiƙa ta waya, ta buga a takarda idan ta shiga Rano ranar kasuwa, kai kuma in ka rubuta amsa ta ɗauki hoto ta turo mini. Allah ya saka mata.

Ina nan Malesiya ina karatun digiri na uku a fannin harshe. Maigidana Tajuddeen ya gama nasa, ya koma Kano bakin aiki, an bar ni da 'yarmu Kausar mai shekara bakwai. Muna hawa na goma sha tara a wani dogon bene. In na leƙa taga ina hango itatuwa kore shar har gindin duwatsu, ruwa kusan kullum da la'asar, amma ko guda ɗaya ban san sunansa ba. Wannan yana damuna fiye da yadda zan iya faɗa.

Ga abin da ya kawo ni. Ɗaya daga cikin malamaina, Malama Halina, 'yar ƙasar Poland ce. Ta yi shekaru tana yawo ƙauyukan ƙasarsu tana tattara sunayen itatuwa da na ƙananan tsirran daji, tana duba yadda kowane yanki yake kiransu, da waɗanda aka aro daga bakin maƙwabta, Jamusawa ko wasunsu. Ta ce me zai hana in yi irin wannan a Hausa. Na amsa da murna, sai da na zauna na ga ni 'yar birni ce, bayan mangwaro da kuka da tsamiya sai in fara kame-kame. Na tuna Umma tana cewa kai malamin daji ne har ka yi ritaya, ka yi aiki daga Haɗeja har Sakkwato.

Ina roƙon ka taimake ni da sunayen da ka sani, da garin da ake faɗin kowanne. Ka yafe mini da ban taɓa rubuto maka ba sai da buƙata ta taso.

'Yarka,
Sakinatu

*

Kwarin Taura
Nuwamba

'Yata Sakinatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai gwiwa da kunne. Gwiwa tana ciwo, kunne kuwa ba ya ciwo, ya yi ritaya ne kamar mai shi. Ki gaida Kausar. Ragon nan na tuna shi, kuma ke kika fara ja masa wutsiya, kada ki ɓata sunan mamaci.

Ashe sai da Baturiya ta aike ki kika tuna kina da kawu. Ba komai, Allah ya yi wa Baturiyar albarka. Tun da Saudatu ta tafi babu mai zama ya yi mini hira, don mutane suna gajiya da ɗaga murya. Su gaishe ni da hannu su wuce. Takardarki na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki.

To ga kaɗan. Itacen nan mai ɗaci da muka cika ƙasar nan da shi, a Kano darbejiya ne. Da aka kai ni Haɗeja na ji suna cewa maina. A Katsina da yankin yamma na ji bedi, wasu kuma dogon yaro. Baƙo ne, daga Indiya aka ce ya zo, shi ya sa kowane gari ya raɗa masa nasa. Mangwaro da gwaiba su ma baƙi ne, amma sun zo da sunansu a aljihu, mu dai muka lanƙwasa shi ya shiga bakinmu. Turare kuwa, dogon nan fari da muka riƙa dasawa a bakin hanya, wasu zaiti suke ce masa. Wannan ya ishe ki yau, hannuna ba ya son dogon rubutu.

Yanzu ga maganar da ta fi suna muhimmanci, ki karanta da kyau. Kina da ɗorawa a garin nan. Tana tsaye a tsakiyar gonar da ke bayan gidana, kowa Ɗorawar Ɗelu yake ce mata. A wurinmu gona daban, itace daban. Kakarki Ɗelu ta samu ɗorawar daga uwarta, ita kuma ta ba wa Murja tun tana raye. Haka ake yi, uwa ta ba 'ya, ba ta shiga rabon maza, ko an sayar da gonar sau goma. Sharaɗi ɗaya ne: mai ita, ko macen da ta wakilta, ta riƙa tsinke ta duk shekara, ta yi daddawa, ta aika wa gidan mai gona ƙulli na farko. Saudatu ce take yi wa Murja. Daddawar da kika tashi kina ci a miyar uwarki daga nan take zuwa.

Bara ba a tsinke ta ba, bara waccan ma haka, jemagu da yara suka cinye. Yanzu an sayar da gonar ga wani saurayi, Zahraddeen, ba mugun yaro ba ne, amma da tarakta zai yi noma kuma inuwar tana cinye masa wuri. Ya kai magana gaban Dagaci. Dagaci ya ce ba zai yanke komai ba sai ya ji daga bakin mai ita. Murja ba ta da wata 'ya mace sai ke.

Ina jiran amsarki.

Kawunki,
Abdulwahidu

*

Danau Kota
Janairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gwiwa? Ka gafarce ni da jinkiri. Kausar ta yi zazzaɓi mai zafi har aka kwantar da ita, ni kaɗai a asibiti ina fama da Turancin likita da Malayancin nas. Ta warke, alhamdu lillahi. Daga nan kuma aka sa mini ranar kare babi biyu na farko. Kwanakin nan ko girki ba na yi, sai in sauka kedai, wato ɗan shagon abincin da ke ƙasan benenmu, in yi tapau ɗin shinkafa, a ƙulle mana a takarda mu hau sama mu ci.

Sunayen da ka turo sun yi mini amfani ƙwarai. Malama Halina ta yi ta murna da darbejiya mai suna huɗu. Ta ba ni labarin wani ɗan itace mai ƙaya-ƙaya da ƙamshi a ƙasarsu, wanda ake turara nama da shi. A yawancin ƙasar sunansa daban, amma a wani yanki na arewa mai yawan tafkuna ƙauyawa suna ce masa kadik. Ta ce masana suna ganin kalmar ta samo asali ne daga wata ƙabila da ta zauna a wurin tun da can, wadda harshenta ya mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mutanen sun ƙare, waɗanda suka gaje ƙasar suna ta kiran itacen da sunan da suka tarar. A wani yankin kuma, kusa da teku, wani dogon itacen ƙasar sanyi "dana" suke ce masa, aro daga Jamusanci. Ina so in gano ko muna da irin wannan, sunan da muka tarar a bakin waɗanda suka riga mu.

Sai dai Kawu, in ba damuwa, ka ɗan ƙara yawan sunayen a kowace wasiƙa. Ina buƙatar ɗaruruwa, lokaci kuma yana tafiya. Ba sai ka wahalar da hannunka da labari ba, ka jero su kawai, suna da gari.

Maganar ɗorawa kuwa, na yi mamaki, Umma ba ta taɓa zaunar da ni a kai ba. Ni yarinya ce, Kawu, kuma ina nesa, ba ni da ta cewa a gaban manya. Na bar muku, duk abin da kuka yanke daidai ne.

Kausar tana gaishe ka. Na ce ta ce "ina wuni", ta ce wai a Nijeriya ai safiya ce.

'Yarka,
Sakinatu

*

Kwarin Taura
Fabrairu

Malama Sakinatu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa yarinya sauƙi.

Na kai takardarki gaban Dagaci kamar yadda ya nema. Liman ya karanta a gaban jama'a, aka sa ya maimaita wurin da kika ce kin bar mana. Ni ban ji ba, amma na ga bakinsa, kuma na riga na haddace layin. Dagaci ya tambaya ko akwai macen da kika ambata ta tsaya miki. Babu. Ni namiji ne, ba a ba namiji riƙon itacen mace. Saboda haka ɗorawa ta bi gona. An ce Zahraddeen ya bari 'ya'yan bana su nuna matan gari su tsinka, daga nan ya yi yadda ya so kafin ruwa ya sauka.

Bana ta yi fure sosai, jajaye suna lilo kamar tuntun hula. Na ce in gaya miki ko da ba ki tambaya ba.

Ga sunaye, ba labari, kamar yadda kika ce. Gawo, marke, ƙirya, kanya, kaɗanya, taura, ɗinya, aduwa, kurna, magarya, maɗaci, cediya, durumi, gamji. Ƙanana kuma sabara, geza, kalgo, tumfafiya. Waɗannan ko'ina na je haka na ji ana kiransu. Sauran suna bayan takarda.

Abdulwahidu

*

Danau Kota
Maris

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni dai ba ni da kwanciyar hankali, don haka ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Da takardarka ta zo, idona kan sunayen ya fara sauka, na kwafe su na kai wa Malama Halina. Ta dubi hoton rubutunka ta ce, saman kuma me ya ce? Na fara juya mata shi da Turanci. Sai da na ji maganar tana fita daga bakina sannan na gane abin da na yi. Na kasa ƙarasawa. Ita kuwa ta tashi ta haɗa mini shayi.

Kawu, wallahi ba cewa na yi ba na so ba. A gidanmu an koya mana in babba ya kawo magana ka ce ka bar masa, shi ne ladabi. Na ɗauka ina girmama ka ne, na ɗauka in na ce haka kai za ka tsaya mini. Ban san a gaban Dagaci wannan kalmar sallamawa ce ba. Ka kira ni Malama, kuma na ji zafinta.

Ranar Asabar na ɗauki Kausar muka je gidan wata ƙawata Bamalayiya a hanyar Gombak. A bayan gidansu akwai wani dogon itace. Na ɗaga kai sai na ga ƙananan ganye jere-jere, ga fure yana lilo a kan dogon sili, sak yadda ka kwatanta, sai dai nasu fari ne mai ruwan ɗorawa. Ta ce sunansa petai. Ina ganin 'ya'yansa kullum a kasuwa, dogaye kore a murɗe, ban taɓa sanin uwarsu ba. Uwar ƙawata ta soya mana da yaji. Da warin ya bugi hancina sai ga ni a tsakar gidanmu na Gwammaja, Umma tana kwance ƙullin daddawa daga cikin ganye tana cewa, "Saƙon gida ya iso." Na yi kuka a gaban mutane. Kausar ta toshe hanci ta ce, "Mummy, smelly lah, why are you crying?" Na share hawaye na jawo ta jikina. Da na duba littafi na ga ashe dangi ɗaya ne da ɗorawa. Na san kai ka riga ka sani.

Ga maganata, a karanta wa Dagaci da babbar murya. Ni Sakinatu 'yar Murja 'yar Ɗelu ina son ɗorawata. Ban bar wa kowa ba. Na wakilta Malama Khaulah ta tsaya mini in ta yarda, in ba ta yarda ba duk macen da Kawu ya nuna. In na gama karatu zan zo da kaina in koyi yin daddawa, in aika wa gidan Zahraddeen ƙullin farko. Bayan raina ta Kausar ce.

Ka yi sauri, Kawu.

'Yarka,
Sakinatu

*

Danau Kota
Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Shiru har yanzu. Wayar Khaulah a kashe take, saƙona yana nan bai shiga ba. Ban san kowa a Kwarin Taura ba bayan ku biyu, sai yanzu na ga haka. Na roƙi Tajuddeen ya buga wasiƙar ya kawo maka da hannunsa, ya ce suna tsakiyar jarrabawa, in an gama zai zo. Mun yi faɗa a waya a kan haka. Ya ce itace ne fa. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka na ce.

Ban sani ba ko fushi kake yi, ko rashin lafiya ce, ko takardar ce ba ta iso ba. Kullum in na kai Kausar makaranta sai in sauka a Titiwangsa in zauna bakin tafki ina duba waya. Mutane suna ta gudun motsa jiki suna wuce ni. A garin nan babu wanda zan ce wa ana shirin sare ɗorawar kakata ya gane abin da nake nufi.

In fushi ne ka huce ka rubuto, ko layi ɗaya.

Sakinatu

*

Kwarin Taura
Yuni

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ba ciwo na yi ba, ba kuma fushi ya hana ni rubutu ba, ko da yake na yi fushin. Khaulah ta tafi gidansu haihuwa tun ƙarshen Fabrairu, haihuwar ta zo da wahala, amma ita da jaririn suna lafiya. Mijinki ya zo ranar Juma'a da takardunki biyu. Yaro ne mai kunya, ya durƙusa yana ta magana, na bar shi ya gama sannan na nuna masa kunnena.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. An sare ta.

Matan gari sun tsinke ta a Afrilu. Bayan sati biyu masu gawayi suka zo da inji. Ina zaune a zaure da hantsi ina gyaran carbi, ban san ana yi ba, an ce ƙarar har bakin kasuwa ana ji. Ni dai ƙasa na ji ta motsa a ƙarƙashin tabarmata, ƙura ta zubo daga rufi. Na fito na zaga bayan gida sai na ga sarari. Shekara saba'in da wani abu ban taɓa hango dutsen Rano daga bayan gidana ba, ranar na hango shi. Na yi aikin daji, na sa hannu an sare itatuwan da ba zan iya ƙirgawa ba, amma ranar sai da aka riƙo ni aka mayar da ni zaure. A ƙarƙashinta na fara ganin Saudatu, tana tsintar kalwa.

Da na karanta takardarki ta Maris na gane kuskuren da aka yi. Ni ma da laifina. Na san ke 'yar birni ce, da na sake rubuto miki na ce, yarinya, kin san abin da kika faɗa kuwa? Zuciya ta hana ni. Kin ce in jero suna ba labari, sai na ji kamar an ce mini in yi shiru, ni da shirun ya riga ya ishe ni. Kuma hannuna lafiyarsa ƙalau. Kaɗan-kaɗan nake ba ki sunayen don kada su ƙare da wuri, don na ga in sun ƙare takarda ta ƙare.

Amma saurara. Na ja mijinki muka je gaban Dagaci, ya karanta maganarki, an ce da babbar murya ya yi har ya shaƙe. Dagaci ya aika aka kira Zahraddeen. Kututturen yana nan, bai kai ga ƙona shi ba don ruwa ya riga shi. Dagaci ya ce abin da ya faɗi ya faɗi, amma abin da ke cikin ƙasa na mai ita ne tun da ta yi magana. Zahraddeen ya sunkuyar da kai ya ce shi da ya san akwai mai so da bai taɓa ba. Na yarda da shi. Khaulah ta aiko cewa ta karɓi wakilci.

Jiya na je na duba. Ta yi toho guda uku a gefen gabas, tsawonsu bai kai tafin hannu ba. Na sa an kewaye da ƙayar magarya saboda awaki. Ba na yi miki alkawari, wani toho yana rayuwa wani ba ya yi, in ya rayu ma sai ya shekara kusan goma kafin ya yi 'ya'ya. Ni ba zan ci wannan daddawar ba. Tarakta tana zuwa ta kewaye wurin ta wuce, yara kuma in an aike su har yanzu cewa suke a bi ta Ɗorawar Ɗelu. Ki gaya wa Baturiyarki, ta sa a littafinta kusa da kadik ɗinta.

Sauran sunayen da na sani duka suna cikin takardu huɗun da na ba mijinki, suna da gari, har da na Fulani da na Barebari da muka ara. Ban rage ko ɗaya ba. Yanzu ba ni da sauran abin da zan ba ki.

Allah ya ba ki sa'ar karatu. Ki shafa mini kan Kausar.

Kawunki,
Abdulwahidu

*

Danau Kota
Yuli

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gwiwa, ya damina? A gaida Khaulah da jariri, a gaida Dagaci, a gaida Zahraddeen ma.

Na karanta. Na yi kwana biyu ban je makaranta ba. Takardu huɗun sun iso, na gode, na ajiye su, ban buɗe ba tukuna.

Yau an yi ruwa tun azahar, irin mai tsawa, har fitilun titi suka kama da rana. Na shanya kaya a baranda na manta, duk sun jiƙe. Maƙwabciyata 'yar Indonesiya ta tashi, an kawo wasu samari ɗalibai masu buga ƙwallo a falo, kai da kana nan da ba su dame ka ba. Haƙorin Kausar na gaba ya faɗi, tana magana iska tana fita. Na sayo petai a kasuwar dare na jefa kaɗan a miyar kuka don babu daddawa. Bai yi ba, Kawu, amma na cinye.

Na gaya wa Kausar tana da itace a Nijeriya. Ta tambaya ko ya kai benenmu tsawo. Na ce a yanzu bai kai tafin hannunta ba. Ta dubi hannun ta daɗe, sannan ta ce to wa yake ba shi ruwa? Na ce Allah, da wani tsoho mai faɗa. Ta zana maka hoto, zan sa Khaulah ta buga. Abin da ke tsaye kusa da itacen kai ne, ba rago ba ne.

Ina kewar Umma. Ina kewar gida, har da garin da sau ɗaya na taɓa zuwa. Da yamma in Kausar ta shiga wanka gidan yana yin shiru, sai in tuna kai ma kana can a zaure a cikin naka shirun.

Ka duba takardar nan daga sama har ƙasa, ba na neman sunan komai. Ranar Juma'a mai zuwa zan sake rubutowa, da wadda ke bayanta. Kai kuma ka ba ni labari, mai tsawo, ka fara da ranar da ka ga Inna Saudatu tana tsintar kalwa.

'Yarka,
Sakinatu